Aikin lambu ya tsattsage min hannu, ga bikin ƙanwata ya matso

Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku. A Wad Madani ta ƙasar Sudan muke zaune, ina koyarwa a firamare, har yaƙi ya shigo garin a watan Disamba na 2023. Bayan yawo nan da can, yanzu muna gidan surukaina a wani ƙauye gefen Mai Wurno, kuma da lambun bakin kogi muke ci: tumatir, kuɓewa, albasa da ɗan barkono. Ban saba ba. Hannuwana sun yi kaushi sun yi baƙi, kan yatsuna ya tsattsage har alwala tana min zafi, laka ta maƙale a farce ta ƙi fita. Ina dirzawa da garin sabulun wanki da yashi. Surukata ta ce in haɗa da toka, in baƙin tumatir ya ƙi fita in shafa kalanzir. Duk ina yi, amma kullum ƙara lalacewa suke. Saura mako shida bikin ƙanwata, ina jin kunyar miƙa wa mai lalle hannu, har maigida ma na fara ɓoye masa. Akwai kuma wani ɗan ƙullutu a gefen tafina inda ƙaya ta soke ni bara, amma shi ba ya ciwo, bai dame ni ba. Me zan yi?

Daga wata 'yarki a jihar Sinnar

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yaye mana wannan fitina, ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya. Kin ajiye alli kin ɗauki fartanya don 'ya'yanki su ci, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada.

Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, wanda kika ce bai dame ki ba. Ni shi ya fi damuna. Ƙullutun da ya fito inda ƙaya ta soki mutum, ya yi watanni bai baje ba, kuma ba ya ciwo, a ƙasar Sinnar ba a kawar masa da kai. Akwai ciwon da likitoci ke kira maisetoma, mutanen nan suna ce masa nabit ko madura. Ƙwayoyin da ke kawo shi a cikin ƙasa suke zaune, suna shiga jiki ta ɗan ƙaramin rauni, galibi sukar ƙaya irin ta bagaruwa da dushe. Sudan na cikin ƙasashen da ya fi yawa a duniya, kuma jihohin Jazira da Sinnar da Farin Nilu suna sahun gaba. Ƙafa ya fi kamawa, sai hannu. Farkonsa ɗan kumburi ne mai tauri, shiru, ba zafi ba zazzaɓi, kuma yana iya yin shekara ko fiye a haka. Daga baya sai ya huda ƙananan ƙofofi yana tsatso ruwa ko mugunya, tare da wasu 'yan tsaba baƙaƙe ko farare ko jajaye. In aka bar shi yana cin nama har ya kai ƙashi, a nan ne ake kaiwa ga yanke hannu ko ƙafa. Rashin zafin nan shi ke cutar mutane, don da wuya manomi ya bar gonarsa ya biya kuɗin mota saboda abin da ba ya masa ciwo.

Ban ce shi ne a hannunki ba. Yana iya yiwuwa guntun ƙayar ne ya karye a ciki nama ya naɗe shi, kuma wannan ma cirewa yake so. Ido ba ya bambance su, sai likita ya taɓa, a yi hoton sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki, wani lokaci a ɗebi ɗan abin ciki da allura a auna. Ki je asibiti a Sinnar ko Sinja cikin makon nan ko na gaba, kada ki ce sai bayan biki. Ki gaya wa likitan da bakinki cewa ƙaya ce ta soke ki a wurin, ki faɗi lokacin. Likitocin ƙasar nan sun san ciwon sarai. A 1991 Jami'ar Khartum ta kafa cibiya ta musamman a Soba don bincike a kansa, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Maganinsa yana ɗaukar watanni da yawa, wani lokaci har da tiyata, amma ɗan ƙarami da aka kama da wuri ya fi sauƙin warkewa nesa ba kusa ba. Kafin ki je, kada a kai ki wurin wanzami ya tsaga, kada a yi masa sakiya, ke ma kada ki tona da allura.

Tunda za ki asibitin, ki tambayi allurar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Ƙwayarta tana cikin ƙasa da takin dabbobi, kuma ta tsaga irin taki take shiga. Wataƙila an yi miki lokacin awon ciki. In katin awonki ya tsira daga gudun hijira ki tafi da shi, in bai tsira ba ki faɗi abin da kika tuna. Allura biyar a jere kan tsari suna kare mace tsawon shekarun haihuwarta, wanda kuwa ya yi shekara 10 rabonsa da ita ana son ya sabunta.

To, mu zo kan kaushi da tsaga. Gaskiyar da zan gaya miki ita ce wankin da kike yi ya fi lambun ɓata miki hannu. Fatar mutum tana da wani siririn maiƙo da ke tsare danshi a cikinta. Baƙar lakar nan ta ƙasar Sinnar da Jazira tana tsotse shi, iskar hunturu tana ƙarasa abin da ya rage, sai ke kuma ki zo da yamma da garin sabulun da aka yi shi don ya cire maiƙo daga tufafi, da yashi mai kankare fata, da toka wadda in ta sha ruwa take zama ruwan toka mai cin fata, da kalanzir mai narkar da duk wani mai. Kin ga yadda lakar lambunki ke yi da rani in ruwa ya janye, ta ƙame ta dare? Haka kan yatsunki suka yi. Kuma baƙin da kike gani yawancinsa ƙasa ce da ta shige cikin tsagogin, don haka duk dirzar da ta ƙara tsaga fata ta ƙara wa baƙin mazauni. Daga yau ki ajiye huɗun nan gaba ɗaya. Kalanzir kam ko kusa, ga cin fata, ga hatsarin matsawa kusa da murhu da shi a hannu.

Rabin aikin tun kafin ki fita lambu ake yin sa. Ki yanke farce gajere. Ki jiƙa sabulun wanka ki karce shi da faratanki har ya cika ƙarƙashinsu, laka ba za ta sami wurin shiga ba, in kin dawo kuma ruwa kaɗan zai narkar da shi. Ki shafa basilin sama-sama, sannan safar hannu. Na san abin da mutanen lambu ke cewa, wai safa tana hana jin shuka a hannu, kuma akwai gaskiya a wurin dashen albasa. Amma cirar ciyawa, da sassabe, da watsa taki, da tsinkar kuɓewa, duk babu abin da safa ke hanawa. Kuɓewa musamman, ƙaiƙayin da ke jikin ganyenta da 'ya'yanta shi ke sa wannan susa da jan fata, don haka ki haɗa da riga mai dogon hannu ki yi tsinkar da sanyin safiya. In kuɗin safa bai samu ba tukuna, tsohuwar safar ƙafa ta auduga ta fi hannu tsirara. Ƙotar fartanya kuma a goge ta ta yi santsi ko a naɗe ta da tsumma, bororo da kanta za su ragu.

Wuri ɗaya ne safar yadi ko ta fata ke zama cuta: feshin maganin ƙwari. Tana shan maganin ta riƙe shi a jikin fata duk yini. Da yawan magungunan da ake fesa wa tumatir da albasa suna ratsa fata mai lafiya ma, balle wadda ta tsage. Muddin hannunki bai warke ba, kada ki dama magani, kada ki riƙe famfon feshi, kada ki wanke shi. Wanda zai yi ya sa safar roba mai kauri marar yadi a ciki, ya wanke ta tana hannunsa kafin ya tuɓe, ya wanke hannu da sabulu kafin ci ko shan ruwa. In bayan feshi wani ya ji ciwon kai da jiri, ga gumi, ga yawu yana zuba, ga amai, a tuɓe masa tufafin a wanke jikinsa da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin.

In kin taso daga lambu, kada ki tsuguna bakin tur'a, wato magudanar ban ruwa, ko kwantaccen ruwan gefen kogi ki yi wanki a ciki. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe magudanan Jazira, tsargiya ta sami gida a irin ruwan nan, inda katantanwar da ke ɗauke da ita ke hayayyafa, kuma tsutsarta ta fata take shiga. Ruwan da aka ɗebo ya kwana biyu a randa ko wanda aka tafasa ya huce ya fi aminci. Ki bari sai kin zo gida. Ki karkaɗe busasshiyar lakar, ki zuba ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, ki tsoma hannu minti biyar zuwa goma. Laka jiƙa take so, in ta jiƙu da kanta take saki. Sai sabulun wanka mai laushi, marar ƙamshi in da hali, da tsohon buroshin haƙori ki bi gefen farce a hankali. Kada ki tona ƙarƙashin farce da tsinke ko fil, haka ake raba farce da nama a buɗe wa mugunya hanya. Ki ɗauraye, ki tsane da tsumma mai tsabta har tsakanin yatsu, kuma tun fatar na da sauran danshi ki shafa mai. Wannan ɗan lokacin kada ya wuce ki, domin aikin mai shi ne ya tsare ruwan da ya riga ya shiga fata. In kin bari ta bushe ƙarau, ba abin da zai tsare.

Baƙin tumatir na dabam ne. Wani ɗanko ne da ke fita daga gashin jikin ganye da kara, ya taru ya yi kore-kore sannan ya yi baƙi, kuma sabulu kaɗai ba ya iya masa. Tsami ke sakin sa. Ki murje ɗanyen tumatir kore a hannu, ko ki ɗiga ruwan lemun tsami, ki bari minti ɗaya ko biyu, sannan sabulu. Sharaɗi biyu ne: kada tsamin ya taɓa inda ya tsage, kuma da yamma za ki yi ki ɗauraye tas, saboda ruwan lemun tsami in ya haɗu da rana a kan fata yana ƙona ta ya bar baƙin tabo na watanni. Makon farko da na biyu ma ki haƙura da baƙin, ki bar tsagar ta haɗe tukuna. Bayan nan, man riɗi cokali ɗaya da ɗan sukari ko dusar dawa mai laushi, sau biyu a mako, ya ishe ki gurza. Raɗaɗin barkono kuwa ruwa ba ya kashe shi, ki murza mai tukuna sannan sabulu, ko ki tsoma hannu cikin nono mai sanyi.

Warkewar ta gaske da dare take. Bayan sallar isha ki sake jiƙa hannu na ɗan lokaci, ki tsane, ki laɓta basilin da kauri, ki cusa shi cikin kowace tsaga, ki zura safar auduga ki kwanta. Man riɗi yana da kyau kuma ga shi a ƙasarmu ba ya wuya, amma basilin ya fi shi tsare danshi, don haka riɗi da rana, basilin da dare. In kin shiga saidaliyya, wato kantin magani, ki tambayi man shafawa mai yuriya kashi 10 cikin ɗari, yana tausasa kanta sosai, sai dai yana ɗan yaji a buɗaɗɗiyar tsaga, ki bari ta rufe. Yuriyar saidaliyya nake nufi, kada wani ya ce miki a jiƙa takin zamani na yuriya, ba ɗaya ba ne wurin tsabta da ma'auni. Tsagar da ta yi zurfi a sa mata basilin a rufe da filasta kafin fita aiki, a canza in ta jiƙe. Kanta kuma kada reza ta taɓa ta. Tana da amfaninta ga mai riƙe fartanya, gefenta mai kaushi kawai za ki rage da dutsen goge ƙafa bayan jiƙo.

Kada ki manta wanki da wanke-wanke. Mace mai 'ya'ya uku a gidan surukai hannunta ya fi daɗewa cikin kumfa fiye da cikin laka, kuma duk abin da kika gyara da dare kumfar safe za ta rushe shi. Ki ware safar roba ɗaya ta gida, wadda ba ta taɓa zuwa lambu. In gumi ya taru a ciki ki cire ki bushe hannu, ki juya safar ki shanya.

Game da alwala, ki yi da ruwa mai ɗumi, zafin zai ragu. Abin da malamai ke cewa a cire shi ne mai kauri da ke hana ruwa isa ga fata, shi ya sa na ce laɓtawar ta zama bayan isha, da asuba ki goge ki wanke. Ɗan maiƙon da fata ta riga ta shanye ba ya hana komai, kuma shari'a ta yi sauƙin shafa a kan ɗaurin rauni in cire shi zai cutar. Ki sa maigida ya ƙara tambayar limaminku don hankalinki ya kwanta.

In kika ga yatsa ya kumbura ya yi ja yana zogi, ko mugunya a gefen farce, ko jan layi yana hawa dantse, ko zazzaɓi, wannan ya wuce basilin, asibiti ne a ranar. Haka in kina da ciwon suga, ƙaramar tsaga ma a nuna wa likita. In kuma ƙananan ƙuraje masu ruwa ne da ƙaiƙayi suka ƙi tafiya bayan mako biyu, akwai maganin shafawa da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki. Abin da nake roƙonki da Allah ki guje masa shi ne haɗin man bilicin da ake aunawa da cokali a kasuwa, wanda 'yan mata ke rububi in biki ya matso. Da yawansa akwai magani mai ƙarfi a ciki da ke sirantar da fata, ya hana rauni haɗewa, ya bar gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin.

Surukarki ba cutar ki take nufi ba. Ta ba ki abin da ta gada ne, kuma hannun da ya yi shekaru arba'in a lambu yana jure abin da naki ba zai jure ba. Ba sai kin ce mata hanyarta ba daidai ba ce. Ki ce, "Inna, fatata ba ta kai taki ƙwari ba, tokar tana ci na, zan gwada mai in gani." In da hali, wani dare ki zauna kusa da ita ki shafa mata basilin ɗin a nata hannun da ƙafa. Tsofaffinmu da yawa suna fama da faso sun yi shiru ne kawai.

Maigida kuwa ki daina ɓoye masa. Ɓoyon ya fi kaushin hatsari, domin shi ba ya ganin dalili, ja da baya kawai yake gani, kuma zuciya tana iya kawo masa abin da babu. Hannun nan a hidimar gidansa suka yi haka, ya sani. Ki buɗe su a gabansa ki ce ga abin da ke damunki, ga abin da kike bukata: safa guda biyu, kwalbar basilin, rakiya zuwa asibiti, da kuma a ɗauke miki feshi da wankin manyan kaya na ɗan lokaci. Maza da yawa ba sa lura sai an faɗa, amma in an faɗa a fili suna yi.

Mako shida ya isa a ga canji mai kyau. Tsaga takan haɗe cikin mako ɗaya zuwa biyu in an daina dirza, saman fata yana sabunta kansa cikin wajen wata guda, farce kuma yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, don haka tabon da ke jikinsa ba zai gama fita ba, lalle zai rufe shi. Ki bar dilka sai makon ƙarshe, bayan fata ta rufe, saboda turaren da ke ciki yana yaji a rauni. Ranar ƙunshi ki gaya wa mai lalle tun kafin ta dama cewa jan lalle zalla kike so, kada ta sa sibga. Baƙin rinin nan da ake haɗawa don zane ya kama da sauri yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda ke tayar wa wasu da ƙuraje da bororo bayan 'yan kwanaki, kuma fatar da ba ta daɗe da warkewa ba ta fi saurin kamuwa. Wadda ya taɓa tayar wa, har rinin gashi sai ta guje shi iya rayuwarta. Jan lalle in an bar shi ya daɗe a hannu yana nuna sosai, kuma yana kama tafin mai aiki fiye da na wadda ba ta taɓa komai, saboda kaurin fatar. Kwana uku kafin ranar ki roƙi a karɓe ki a lambu in zai yiwu. Allah ya sanya alheri a auren ƙanwarki, ya ba su zaman lafiya.